Usta Mitwalli da Makewayin Bakin Teku

A garin Baltim, in ka ga gini ya tsufa bangonsa bai zube ba, da wuya ba hannun Usta Mitwalli ba ne. Usta kuwa laƙabi ne da ake yi wa gwanin sana'a a can. Tun yana saurayi yake kwaɓa siminti a garin da iskar teku ke cin ƙarfe kamar yadda gara ke cin itace. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya magana sai ta kama. Duk surutun gidan matarsa Nabawiyya ke yi, shi nasa gyaɗa kai.

Ɗansu ɗaya, Sabri, ya tafi birnin Mahalla aikin masaƙa, ya yi aure a can, gida ya zama daga Mitwalli sai Nabawiyya. Kowace Juma'a bayan la'asar sukan ɗauki tabarma da shayi da gurasa da kifin gishiri su tafi lambun shaƙatawa na bakin teku, tana ba shi labarin maƙwabta, yana kallon jiragen masunta. Da ciwon sukari ya kama ta sai fitsari ya riƙa matsa mata, lambun kuwa ba makewayi. Na da ɗin tsatsa ta cinye ƙofarsa, rufin ya rufta, an toshe shi da bulo. Wata rana ta kasa riƙewa kafin su kai gida. Ba ta yi kuka ba, ta dai wanke kayanta ta shanya a cikin ɗaki.

Da Juma'a ta zagayo ya ɗauko tabarma, sai ta ce, "Ajiye, Abu Sabri. Tekun nan na gan shi ya ishe ni. Ba dai ruwa ba ne?"

Ba ta ƙara zuwa ba har Allah ya karɓi abarsa.

Bayan rasuwarta ya rage aiki. Yakan dafa wake ya ci rabi, ya bar rediyo a kunne don kawai a ji motsi a gidan. Ana nan sai ya ji hukumar gari za ta gina sabon makewayi a lambun. Ya sa hularsa ya je wurin ɗan kwangilar da kansa ya nemi aikin.

Ranar farko Shahhat, tsohon lebura da suka daɗe suna aiki tare, ya tarbe shi da dariya. "Wa nake gani? Mai gina hasumiyar masallaci ya dawo gina masai! Usta, tsufa ne ko yunwa?"

"Jiƙa bulon nan, sarkin surutu," in ji Mitwalli. "Kai za ka fara shiga, da gudu ma."

Injiniyar aikin, wata mai suna Nirmin, 'yar garin ce, ta san halin tekun. Ta ɗaga ginin sama don ruwan saman da ake yi a can lokacin sanyi kada ya shiga, ta hana ɗiban yashin bakin teku saboda gishirinsa, ta sa a binne rodi da kauri cikin siminti. Ƙofofi na katako ne da aka shafe da mai irin na jiragen ruwa, tagogi kuma can sama, bulo mai huji, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Mitwalli ya duba zanen, ya ga ba abin gyara. Abu ɗaya ya roƙa.

"'Yata, a ɓangaren mata a sa abin dafawa a bango, da ɗan dakali a bakin ƙofa. Akwai wadda tsayuwar jira ke wahalar da ita."

Ta dube shi, ba ta tambaye shi ko wace ce ba. Ta ce, "Za a sa, Baba."

Shi ya gina dakalin, shi ya shafe shi da tafin hannu har ya yi sumul. In rana ta take leburori suka baje suna cin abinci ana ta barkwanci, shi a kan dakalin yake zama da gurasarsa. Wata rana Shahhat ya kawo masa shayi, ya tarar bakinsa na motsi, yana ba da labarin wanda ya yi aure a unguwa da wanda ya tashi, kamar Nabawiyya na zaune a gefensa. Shahhat ya ajiye kofin a hankali ya juya, ranar bai tsokane shi ba.

Da aka gama, manya suka zo suka yanka kyalle, aka yi tafi, kowa ya watse. Mitwalli ya tsaya yana duba ko ruwa na gangara daidai zuwa magudana. Wata tsohuwa mai sanda ta iso, ta harare shi.

"Bawan Allah, matsa mana. Nan wajen mata ne, ba ka da kunya?"

Ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya," ya matsa.

Shi ne gininsa na ƙarshe. Gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo. Sabri ya zo ya ce ba zai bar shi shi kaɗai ba, suka kulle gidan suka tafi Mahalla. Surukarsa ba ta rage shi da komai ba, amma da safe kowa ke ficewa, a bar shi a barandar bene yana kallon titi.

A tsallaken titin wasu samari na ɗora sabon bene. Ya lura suna jera bulo a bushe cikin zafin rana. Ya daure, ya daure, har ya kasa. Ya dafa ƙarfen barandar ya miƙe, ya ɗaga murya iya ƙarfinsa.

"Kai, magini! Ku jiƙa shi tukuna!"

Ƙarar motoci ta haɗiye maganar. Ɗaya daga cikinsu ya hango tsoho na ɗaga hannu, ya zaci gaisuwa ce, ya ɗaga masa nasa, ya ci gaba da aiki.