Kunun Gwaggo da Takardar Likita

A shekarar da na gama bautar ƙasa, farkon shekarun tamanin, aka ɗauke ni aikin malamin gona a Funtua, amma da sharaɗi. Sai na kai takardar likita mai nuna lafiyata ƙalau kafin a tashi ofis ranar Juma'a. Magatakardan da ya gaya mini haka ya ƙara da cewa akwai masu jiran gurbin a bayana. Bai ko ɗago kai ba da ya faɗa.

A lokacin ina zaune wajen Gwaggo, ƙanwar mahaifina, a wani ƙauye kusa da Ƙarfi. Mijinta, wanda muke kira Baba, manomin rake ne. Yana da injin matsa da doki ke juyawa a bayan gida, kuma muddin ana aikin rake, har tufafinmu ƙamshin mazarƙwaila suke yi. Gwaggo kuwa dokarta ɗaya ce: ba mai fita zaurenta ya hau hanya da ciki wayam. Ko mai tallan gishiri ya tsaya tambayar hanya, sai ya kurɓi wani abu.

Ranar Litinin da safe na shirya tsaf. Gwaggo ta dire mini ɗumamen tuwon dawa, da ƙwarya guda ta kunun tsamiya wanda ta jefa wa dunƙulen mazarƙwaila biyu don tafiyar ta yi albarka. Na cinye, tana tsaye a kaina. A ƙofa ta cusa mini gaɓoɓin rake, na yi ta sha a mota har muka kusa Funtua, don kada su bushe a ce na wulaƙanta.

A asibitin garin, mai awon jini ɗan mutanen kudu ne, amma a Funtua aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa kaifi. Ya ɗebi jinin, ya shige ciki, ya fito yana kallon takarda yana kallona.

"Malam, ka ci wani abu yau?"

An tarbiyyantar da mu cewa mutum ba ya lissafa abin da ya ci a gaban baƙo. Sai na ce, "Ɗan abin da ba a rasa ba. 'Yar kurɓar kunu."

"Kurɓa kawai?" Ya tsuke baki. "To in kurɓa ce, sugan nan ya ɗan yi sama. Likita ba zai sa hannu ba tukuna. Ka dawo Alhamis da sassafe, kada ka sa komai a bakinka."

Ina iya gyara maganata a nan take. Na ma buɗe baki. Amma na ga kamar in na sake magana zai ɗauke ni maƙaryaci, ko kuma acici, kuma ban san wanda ya fi muni ba. Na yi godiya na fito.

Kafin in iso gida na gama yanke wa kaina hukunci. Ƙishirwar da nake ji, alama ce. Gajiyar ƙafa, alama ce. Na tuna wani ɗan sakin layi da na karanta a jami'a kan ciwon suga, na yi ta juya shi, duk da ban tabbata a kan mutane yake ba ko a kan dabbobi.

'Yar Gwaggo, abokiyar wasana, ta zo wankan jego gida a lokacin. Ita ta fara lura na ture ƙwaryar kunu.

"Mai digiri, yau kuma boko ya hana kunu?"

Da na yi bayani, sai ta tafa hannu. "Inna, zo ki ji! An auna ɗanki an ce zaƙi ya yi masa yawa. Ni dai shekara ashirin da biyar ina zaune da shi, ban taɓa jin zaƙin ba."

Baba bai yi dariya ba. Ya kira ni gefe, ya ce tun kafin asibiti ya zo akwai yadda ake ganewa. Mutum ya zaga ya yi fitsari a busasshiyar ƙasa, ya ba wurin ɗan lokaci. In kiyashi suka taru, to akwai magana. Na ce masa wannan ba lallai ya zama hujja a kimiyyance ba, ko da yake ba zan ce babu komai a ciki ba. Ranar Talata da hantsi na zaga bayan gida na gwada.

Da na koma, wurin baƙi ƙirin yake da kiyashi. Na daɗe tsugune ina kallon aikin gwamnati yana tafiya a kan ƙafafunsu.

Abokiyar wasan nan tawa ta ga fuskata, ta matsa har na gaya mata. Ta tambaye ni a ina na yi gwajin. Na nuna da hannu. Sai da ta aje jaririn kafin ta iya dariya sosai.

"Gindin injin rake? Inda ake zubar da ɓawo? Wurin da ko takalmi ka aje sai kiyashi sun ɗauke shi? Allah ya jiƙan kuɗin makaranta."

Na ga tana da gaskiya, amma hankalina bai kwanta ba, domin kiyashin ba su ce don rake kaɗai suka zo ba.

Saura matsala ɗaya: yadda zan fita zauren Gwaggo ranar Alhamis ban ci komai ba. Na gwada yi mata bayani, ta ce likitan da ke aika mutum tafiya da yunwa shi ya kamata a auna. Abu ɗaya na san ba ta ja da shi, shi ne azumi. Ƙarya kuwa ba zan iya yi mata ba, saboda haka na ɗauki niyyar azumin Alhamis da gaske, ban gaya mata ba sai da gari ya waye. Ta yi ta faɗan na hana ta ladar sahur, amma ta bar ni na wuce.

Mai awon ya sake ɗibar jini. Wannan karon ya fito da fara'a.

"Lafiya lau. To wai ranar Litinin me ka kurɓa?"

Na lissafa masa: tuwo, kunu, mazarƙwaila biyu, rake har Funtua. Ya kira ma'aikaciyar jinya ta zo ta ji, ya sa na maimaita.

"Malam, ai ko ni ka ɗura wa wannan ka auna ni bayan awa ɗaya, za ka ga ya hau. Kowa in ya ci abinci sugansa na tashi, mai lafiya da mara lafiya. Bambancin shi ne na mai lafiya yana sauka da kansa bayan awa biyu ko uku. Yanzu je ka tasha ka ci waina, ka dawo bayan awa biyu in ga saukarsa, likita ya sa hannu."

Na ce ina azumi.

Ya dube ni kamar yadda Baba ke duban dokinsa in ya tsaya ba dalili. "Ni na ce kada ka karya kumallo, ban ce ka kai magariba ba. Likita kuma in ya tashi yau, sai Litinin zai dawo."

Na yi zagaye uku a tashar ina auna abin. A ƙarshe na zauna gaban mai waina, na yi istigfari, na ci guda shida, da niyyar ramawa. Bayan awa biyu sugan ya koma inda ya kamata. Likita ya sa hannu, na kai takardar ofis a ranar, kwana guda kafin wa'adi.

Ni ba likita ba ne, kuma ba zan ce duk wanda nasa ya hau lafiya yake ba. Wanda nasa ya hau ya ƙi sauka, ko yake sama tun kafin ya ci komai, ya koma asibiti, kada ya je wajen kiyashi.

Da na gaya wa Gwaggo, abin da ta fahimta shi ne asibiti ya tabbatar kununta na shiga jini. Litinin ta zagayo na rama azumin, wannan karon da saninta. Abin da ta tanadar mini na buɗa baki, da mai awon ya gani, da ya karɓe takardarsa.