Fialupe da Tabarmar Neman Gafara

Duk wanda ya taɓa sayen fanken ayaba a hannun maƙwabciyata Fialupe, a ƙauyenmu da ke tsibirin Savai'i, ya san ba ta ɗaukar raini. Mijinta ya ƙetare teku zuwa birnin Auckland neman aiki, shiru kake ji, ya bar ta da ɗa guda, Setefano, mai lalurar galahanga. Har ya yi gemu ba ya magana. In hayaniya ta dame shi sai ya toshe kunne ya yi ta ihu. Ita kaɗai ta raine shi, ido ɗaya a kasko, ɗaya a kansa.

Da aka buɗe gidan kula da irinsu a gari, ta riƙa kai shi kowace safiya. Wata rana ya dawo wuyan hannunsa duk shatin igiya, bayansa ya saluɓe. Ashe Uili, mai kula da su, ya ɗaure shi a jikin bishiyar kwakwa cikin rana don shi Uilin ya samu ya yi barci. Da idona na ga ciwon, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Dangin Uili suka zo neman gafara yadda aka saba: suka durƙusar da shi a ƙofar gida, suka lulluɓe shi da tabarma mai daraja, ba tashi sai masu gida sun yaye ta. Ba a cika barin mutum ya daɗe ba. Fialupe kuwa ta hura wuta ta ci gaba da tuyarta. Rana ta take. Dattawa suka yi ta ba ta baki, Fasto ya ce ta dubi girman Allah, ai yaron ma ba zai tuna ba.

"Ni aka ɗaure?" in ji ta. "Ku roƙi wanda aka ɗaure."

Aka fito da Setefano. Ya ɗaga gefen tabarmar ya leƙa, dattawa har sun fara godiya. Ya daɗe yana kallon fuskar Uili. Sai ya mayar da tabarmar, ya danne gefenta da dutse, ya koma ciki.

"'Yata, ai ya yaye," in ji Fasto.

"Ya kuma mayar, Fasto. Ba kun ce ba zai tuna ba?"

Ba wanda ya iya taɓa dutsen nan. Uili ya ci gaba da gasuwa, ni kuwa na jawo kujera inuwa na zauna.