Rigar da ta ruɗa Attahiru ɗan dako

Attahiru mutumin Gidan Katta ne, kuma tun gemunsa bai fito ba yake dakon albasa a kasuwar Illela. Wuya gare shi kamar turmi. Ban ce kansa babu komai ba, amma buhu ya fi tunani daɗewa a kai.

Bara ƙugunsa ya riƙe, ya kwanta. Da ya lallaɓo kasuwa dogare da sanda, sai ya tarar 'yan uwansa 'yan dako, na Illela da na Ƙwanni ta Nijar, sun raba layinsa a tsakaninsu. Mota ta tsaya, a kira sunansa, wani ya amsa ya ɗauka. Haka al'adarsu take ga wanda ciwo ya kayar, sai dai shi bai taɓa kwanciya ba balle ya sani. Suka zaunar da shi kan buhu, suka zura masa rigar ƙungiya da aka ɗinko daga Nijar, da rubutu a ƙirji.

Ya ƙura wa rubutun ido. Wannan ba rigar sallama ba ce kuwa?

Ya ja ƙafa wurin Malam Sahabi, tsohon malamin makaranta daga tsallaken iyaka, inda ake ce wa malami Mushe.

"Mushe, mi aka rubuta ga ƙirjina?"

"Solidarite. Faransanci ne, amma su ma daga Latin suka gado shi. Tushensa abu dunƙulalle, marar rami a ciki."

"Kamar albasa?"

"A'a, kamar dutse. Wato haɗin kai."

"To in an haɗa kai, don mi nawa kan ba ya ɗauke da komi?"



A gida matarsa Bilki ta ajiye masa tuwon da 'yan dako suka aiko, ta ce, "Maigida, korarre ake kawo wa tuwo har zaure? Ci ka bar ni da Latin."

Bai yarda ba. Ranar kasuwa ya tuɓe rigar, ya tsuguna gaban buhu ya ce a ɗora masa. Babu wanda ya motsa. Sarkin dako Jaɓɓo ya ce, "Baba Attahiru, in ka karye, wa zai amsa sunanka, mu kuma? Kama kunnen buhun nan, a ɗora wa yaron nan Jabir."

Ya kama, suka ɗaga tare.

Yau aikinsa ke nan, kama kunne da yi wa samari tsawa. Ka tambaye shi ko korarsa aka yi ko girma aka ba shi, sai ya sosa ƙeya ya ce yana kan bincike.