Noelene Mai Almakashi

Kowace Asabar, kafin matan ƙungiyar 'yan rigar fata su iso zaurensu na unguwar Marrickville, Noelene Tsakiris ta riga ta ɗora shayi, ta duba igiyoyi, ta rataya almakashi a wuya. 'Yar mitsitsiya ce cikin rigar sanyi mai furanni, sai ka ce coci za ta ta ɓata hanya. Amma masu bulala da sarƙa, waɗanda ƙarti ke kauce wa a titi, da ta yi gyaran murya sai kowa ta shiga taitayinta.

Aikinta sa ido. Mace da masoyiyarta su yi wasansu na ɗauri da bulala yadda suka amince, amma wadda ta ce a tsaya, an tsaya. In yatsun wadda aka ɗaure suka fara sanyi, Noelene ba ta ɓata lokacin kwance ƙulli, yankewa take.

A nan ba a taɓa rigar fatar wata ba izini, balle ta wata 'yar ƙungiya mai suna Desley, wadda ta gada daga marigayiya Bev, masoyiyarta. Wata rana ana zafin Fabrairu, Desley ta matse cikin rigar har wuya tana muzurai, sai ta yanke jiki ta faɗi. Zik ya cije. Jarumai suka yi cirko-cirko, tsoron rigar ya hana su motsi. Noelene ta sa almakashi ta tsarge rigar daga ƙugu zuwa wuya.

Desley na farfaɗowa ta ce, "Wace 'yar banza ce ta yi min wannan?"

"Ni ce. Sha ruwa."

"Rigar Bev ce fa!"

"Da Bev na nan, da haƙori za ta yage ta. Sha ruwa na ce, kin yi jajir kamar tumatir."

Desley ta ɗauke mata gaisuwa har shekara ta zagayo. Abin ya ci Noelene a rai, don Bev aminiyarta ce, amma ba ta ba da haƙuri ba. Ke ce almakashi raba gardama, Noelene. Kin gwammace a yi gaba da ke da a yi zaman makoki.

Yanzu amosanin gaɓɓai ya kama yatsunta, ta ajiye aiki. Ranar ban kwana aka nemi mai karɓar almakashi, kowa ta sunkuyar da kai. Sai Desley ta miƙe cikin rigar nan, da ɗinki a gaba kamar an yi mata tiyata.

"Miƙo nan, tsohuwar kawai."

"Za ki iya yanka ta wata?"

"Tawa ma na yafe, balle ta wata?"

Mun gode, Noelene. Ku kuma masu tasowa, in ta kama ku yanka: riga ana ɗinke ta, mai rigar in ta tafi ta tafi.