Ruwan Inji da Ruwan Kwari

Ku matso, jikokina, ku ba ni aron hankalinku, in gaya muku yadda na ga rairayi ya haifi abinci.

'Yan shekaru bayan an sami mulkin kai a gida, ni da kakanku muka yi Hajji muka zauna, ba takarda. Wani dattijon Balarabe ya ɗauko mu daga Nakkasa, unguwar nan ta kan dutse a Makka, zuwa gonarsa a kwarin Wadi Fatima, ya ba mu bukka da yanki guda. Ya ce in yankin ya yi amfani mu zauna, in bai yi ba mu koma kan dutse, inda askar, wato 'yan sanda, ke kamen marasa takarda.

Kakanku ya yi noma irin na Gobir, ya ta da kunya, ya shuka dawa a bisanta. Ashe a nan gishirin ƙasa kan kunya yake taruwa. Tsiron ya ƙone sarai, ƙasa ta yi fari kamar an barbaɗa kanwa.

Akwai wani Bafalasɗine mai kula da injin ban-ruwa na gonar, wanda da ƙuruciya ya yi ƙodago a lambunan Yahudawa kafin a kore shi da danginsa daga garinsu. Ba ya ambaton Yahudawan sai fuskarsa ta ɓaci, amma ya ce su ba sa jiran sama. Rijiya suke haƙawa, su ja famfo, su auna wa kowace bishiya rabonta, su dasa itatuwa su tare iska. Dattijon ya ce kakanninsa kuwa jinga suke yi a bakin kwari, su jira ambaliya ta sauko daga duwatsu ta wanke gishiri, ta bar laka. Sau da yawa suna wannan gardama a kan shayi.

Rannan dattijon ya dubi kakanku, ya kira shi da sunan da suke kiran mutanenmu, ya ce, "Ya Takaruni, rusa tudun nan naka. Raba yankin biyu, gefe na inji, gefe na jinga, mu ga wa Allah zai gaskata."

Gefen inji ya yi kore tun muna cikin zafi, kuɓewa da mulukiya, wato lalo, ni da ban taɓa ganin ruwa ya bi ƙarfe ya nemi saiwa ba. Ɗaya gefen yana nan ƙeƙashe, har na daina dubansa. Sai wata hantsi, ba ko ɗigon ruwa a kanmu, muka ji ruri daga gabas. Ruwa ja ya cika kwarin, jingar ta tare shi, ya kwana ya nutse. Muka shuka a lakar, da wannan shan ruwa guda dawa ta fi tsayin kakanku, kankana ta yi ta birgima. Na tsaya ina ta tasbihi. Dattijon bai sake zancen komawarmu dutse ba.

Shi dattijon ya rasu a gonarsa, 'ya'yansa suka ƙara injuna har idon ruwan maƙwabta ya ja baya. Bafalasɗinen ya tafi Jidda, bai sake ganin garinsu ba. Kakanku ya tsufa a bakin jinga, a Makka aka binne shi. Ni kuwa ga ni a unguwar Rusaifa cikin Makka, daga kanti ake sayo mini kuɓewa.