Huluna biyu a rumfar Yaya Modu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Modu mai wankin hula, kuma sai bana na iya ɗaukar biro in rubuta wani abu a kansa. Rubutu bai taɓa ba ni wuya ba, shi ne sana'ata. Abin da na yi da sana'ar ne ya riƙe min hannu.

Wanda ya san bakin Kasuwar Kwastam a shekarun da gari ya rikice zai tuna rumfarsa: katakai jere a rana, kowanne da hula a kife, bokitin sitati, burushi, da wata tsohuwar rediyo da ya ɗaure da roba don kada batir ya zube. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ya riƙe ni a unguwar Abbaganaram har na gama karatu. Bai yi boko ba, amma labari ba ya wuce shi. Lokacin da aka yanke layukan waya, rumfarsa ce jaridar unguwa. Ya saurara da safe, da yamma ya warware wa mutane da Hausa da Barbarci, har da ƙarin gishirinsa.

A cikin shekarun nan babban ɗansa Bukar ya fita wata safiya da keke zai sayo wake a bayan gari, bai dawo ba. Wasu suka ce mutanen daji ne suka ɗauke shi, wasu suka ce kamen da aka yi a hanyar ranar ne ya rutsa da shi. Ba gawa, ba saƙo. Da shekara ta zagayo, limamin unguwa ya ba da shawara a yi masa addu'a da sadaka, ko hankalin uwarsa, Ya Falmata, zai kwanta. Yaya Modu ya ƙi. Ya ce shi ba zai yi wa mai rai sadakar arba'in ba, sai wanda ya sani ya zo ya ce masa yaron ya mutu. Duk Alhamis sai ya wanke hular Bukar tare da na mutane, wai kada ya dawo ranar Juma'a ya rasa ta zuwa masallaci.

Sai aka kawo wani ƙuduri a majalisa, wanda zai sa a buɗe rajistar waɗanda ke tsare da waɗanda aka binne, kowa ya je ya duba nasa. Yaya Modu ya rungumi ƙudurin nan hannu biyu. Mutumin da bai san baƙi ba ya koyi karatu na ɗaya, karatu na biyu, kwamiti, hutu. Matan da mazajensu suka ɓata kan tsaya a bakin rumfarsa su tambaye shi ina aka kwana, shi kuma ya ce saura kaɗan.

Ni a lokacin ina aiki a ofishin yaɗa labarai na wata jam'iyya. Ni nake rubuta abin da ɗan majalisarmu zai faɗa a rediyo. Saƙon guda ne, sai dai in sauya masa riga duk mako: mu muka kawo ƙuduri, su suka danne shi. Ɗan majalisar ɗaya jam'iyyar, shi ma ɗan garin nan, yana da nasa marubucin, saƙonsu shi ne namu an juya shi. Na zauna a ɗakin da aka ce a bar maganar ta kai zaɓe, don tana da daɗin yaƙin neman ƙuri'a. Na ji da kunnena, na rubuta sanarwar washegari, na dawo gida na ci tuwo da yayana a kwano ɗaya.

Shi kuwa abin da ya fahimta daban ne. Ya taso yana ganin yadda dattawan unguwar Shehuri ke yi: idan manya biyu suka saɓa, ana samun na uku ya zaunar da su, ba a tashi sai an sha hannu. Da ya ji mutanen nan biyu suna yi wa juna wankin babban bargo a rediyo har shekara biyu, sai ya ɗauka gaba suke yi, kuma gabarsu ce ta tsare masa ɗa. Ya ce da ni abin kunya ne a ce Musulmi biyu 'yan gari ɗaya ba sa ga maciji, kuma duk Maiduguri an rasa mai shiga tsakani. Na yi dariya na ce siyasa ce. Abin da na ji a ɗakin nan kuwa na ɓoye masa.

Dukansu biyu shi yake wanke musu huluna, direbobi ke kawowa su karɓa. Da majalisa ta tafi hutu suka dawo gida, ya ce wa kowane direba hular ba za ta fita ba sai mai ita ya zo da ƙafarsa, ranar Alhamis bayan la'asar, yana da magana. Zaɓe ya ƙarato, kuma sun san bakinsa yana kaiwa nesa a kasuwa, don haka suka amsa. Ya aro darduma, ya sayi goro fari, ya gayyaci liman, ya ce ni ma in zo tunda ɗaya maigidana ne. Kwana uku yana shirya abin da zai faɗa, yana gwadawa a kan Ya Falmata. Ya ɗora hulunan biyu a katakai biyu, ya matso da su kusa da juna.

Namu ya fara isowa. Bai gama zama ba motar ɗayan ta tsaya. Ina ganin Yaya Modu ya miƙe ya tsaya tsakaninsu, yana tsoron kada a ba hammata iska. Sai kawai suka zagaye shi suka rungumi juna.

"Wushe, mutumina! Jiya ka zage ni da kyau a rediyo," in ji na ɗaya jam'iyyar, ya gaishe shi da Barbarci yana dariya.

"Wallahi ba ni ba ne," in ji namu. Ya nuna ni da baki. "Ga mai rubutawa nan."

Suka tambayi lafiyar iyalin juna da sunan kowa. Suka ɗebi goro. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Yaya Modu ya dube ni sau ɗaya, sannan ya dubi hulunan. Duk jawabin kwana ukun nan, abin da ya fita daga bakinsa kaɗan ne.

"Ashe ba faɗa kuke yi ba. To mene ne ya riƙe takardar?"

Ɗaya ya ce tana kwamiti, ɗaya ya ce bayan zaɓe in sha Allahu. Suka yaba wankinsa, suka sa hulunansu, suka tafi a mota ɗaya, ɗaya motar tana bin su a baya ba kowa sai direba.

Bai yi min faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya naɗe darduma ya mayar wa mai ita. A hanyar gida ya tambaye ni ko na sani tun farko, na ce aiki ne, Yaya. Daga ranar rediyon nan ta koma cikin akwati. Matan suka ci gaba da zuwa, sai ya ce musu shi mai wankin hula ne, su tambayi masu ilimi. Wa'adin majalisar ya ƙare, ƙudurin ya mutu tare da shi, don kuwa haka dokar wurin take: abin da ba a gama ba sai a sake daga farko. Wannan ma ban gaya masa ba.

Ranar da zai rasu, da hantsi, ya riƙe hannuna ya tambaye ni karatu na nawa ake yanzu. Na ce na uku, Yaya, saura sa hannu. Ya daɗe yana kallona, sannan ya sake hannun.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da zai ga yau. Gari ya yi sauƙi, alhamdu lillahi, waya ta dawo har ta yi yawa. Na bar wancan aikin, kuma kada a yaba min, samari masu saurin yatsa a waya ne suka ture ni. Saƙon dai bai sauya ba, mu muka kawo, su suka hana. Abin da ya sauya shi ne gabar da ya je nema a wajen manya bai samu ba, yanzu ta sauko unguwa da gaskenta. Na san maƙwabta biyu a layinmu da ba sa zuwa sunan juna saboda wane ya hana wane a majalisa. Da yana nan, ina jin darduma zai sake arowa, kuma wannan karon zai sami masu faɗan. Ni kuwa duk lokacin da na ji wata jimla mai daɗi a rediyo sai in kasa yarda da ita, don na san yadda ake ɗinka ta.

Shi Yaya Modu mun yi masa sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in. Rumfar wani ke ciki yanzu. Abin da ya rage a gidan katako ɗaya ne a kusurwar ɗakin Ya Falmata, da hular Bukar a kife.

Makon jiya na je gaishe ta. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba, ta tambaye ni ko karatu na ukun nan har yanzu ba a gama ba. Na zauna a bakin ƙofa na gaya mata komai, tun daga ɗakin da aka ce a bar ƙudurin ya kai zaɓe har ƙaryar da na yi wa mijinta da hantsin ranar.

"Yayanka ya sani," ta ce. "Direban ɗayansu ya gaya masa tun da daɗewa. Ya ce kada in tone ka, in bar ka ka faɗa da bakinka. Ranar nan ma don haka ya tambaye ka."

Na tambaye ta ko yanzu za a yi wa Bukar sadaka. Ta ce wanda zai ce ya mutu har yau bai zo ba. Ta tashi ta cire hular daga kan katakon, ta miƙa min, ta ce in kai wanki, gobe Alhamis.