Ɗuri Biyu a Bindiga Ɗaya

Rainon ɗa a Alƙahira wahala ce, ba ni da wani sunan da zan ba ta. In wuni ina dakon kaya a kasuwar Ataba, in dawo unguwarmu Arba wa Nus ƙafafu a kumbure, in tarar da ɗana Usmanu kwance yana latsa waya. Tun da ya watsar da karatu ya kama wanke kofuna a wani shagon shayi a Ma'adi ban ce masa uffan ba. Kullum sai in haɗiye.

Ran nan ya miƙo min wayar. "Baba, dubi Turawa. Bindigar toka ce ta zamani, har da madubin hange. Ta baki ake ɗura ta, harbi ɗaya khalas, shi ke nan. Kuma hukuma ke yanka musu lokacin farauta."

Na ce, "Wannan ne sabon abu?"

Sai kakata ta faɗo min a rai. Habboba muke ce mata, can ƙauyenmu na bakin kogi a Sudan. Bayan isha'i takan hura wuta a tsakar gida ta gasa mana gyaɗa, tana yi mana tatsuniya. Wanda ya yi gyangyaɗi, muciya ce ke tashinsa. "Ku matso, jikokin banza, ga ta nan ta iso."

Ta taɓa ba mu labarin wani maharbi da ya ɗura albarushi da dalma, yana shirin fita sai ruwan fari ya sauka. Sarkin maharba ya sa aka yi shela: namun daji na da ciki, ba harbi sai an kawar da amfanin gona. Ya rataye bindigar cikin fushi, bai sauke ɗurin ba. Da lokaci ya yi, zumuɗi ya hana shi zura sanda ya ji ko akwai wani abu a ciki. Ya ƙara ɗuri kan tsoho. Ya hango barewa, ya ja kunama, bindiga ta tarwatse a hannunsa.

"Habboba, barewar fa?"

"Tana can tana kiwonta! Shi ne dai ake ba tuwo a baki."

Dariya muka yi ta yi. Na girma ina zaton labarin masu gaggawa ne. Ashe har da irina, masu rataye magana a ciki su zo su ƙara wata a kai. Ranar da na fashe ba yatsu zan rasa ba, yaron zan rasa. Na ga ɗan maƙwabcinmu, faɗa ɗaya da ubansa, ya bi jirgin ruwa zuwa ƙasar Turawa, har yau shiru.

Da gari ya waye ban nufi Ataba ba. Na bi Usmanu tasha, ya shiga mota, na shiga.

"Baba, lafiya?"

"Ba lafiya ba. Maganar karatunka ce, tun bara take cikina. Yalla, matsa min, hanyar Ma'adi da nisa."